"Ni ma turo min anka yi" ba hujja ba ce

Yau maganarmu da masu tura vokal a WhatsApp ce, musamman waɗanda in an tambaye su ina sunka samo labari sai su ce "ni ma turo min anka yi". Wallahi mun gaji da jin wannan amsa. Wanda ya danna kibiya ya tura, shi ya faɗa. Da lambarsa saƙon ya shiga wayoyinmu, kuma don mun san shi ne munka saurara.

Ba faɗa muke da vokal ba. Mutanenmu da yawa ba su yi lekol ba, saƙon murya ya zo ya raba su da neman mai karanta musu. Tsohuwa a ƙauyen Dakoro tana jin muryar ɗanta da ke Libiya, ɗan kasuwa yana jin kuɗin wake a Tasawa kafin ya ɗora buhu a mota. Wannan alheri ne. Amma vokal ba ta ɗauke da suna, ba ta ɗauke da gari, ba ta ɗauke da kwanan wata. In mutum ya ce "yanzu-yanzun nan", to ko bayan shekara ukku ka buɗe ta, "yanzu-yanzun nan" za ka ji.

Mu da ke bakin iyaka abin ya fi cin mu, don harshenmu ɗaya da ƴan'uwanmu na Katsina da Zamfara da Sakkwato. Wani zai yi vokal a can, yana haki, yana cewa an tare hanya an kwashe mutane. Bai faɗi wace hanya ba. Kafin ta iso Maraɗi wani ya rubuta a ƙarƙashinta "hanyar Ɗan Isa". Shi ke nan, direba ya fasa lodi, mai ciki da za a kai asibiti an ce ta jira gobe, uba ya ƙarar da kuɗin wayarsa wajen neman ɗansa da ke zaune lafiya lau a tasha. Kuma ba wai babu matsalar tsaro ba ne. Mutanen Madarunfa da Gidan Rumji sun san satar mutane da satar dabbobi, ba labari anka ba su ba. Shi ya sa ƙaryar ta fi ciwo: ranar da gargaɗi na gaskiya ya zo, rabin gurup za su ce irin na jiya ne.

Mafi muni ita ce vokal da ke kama sunan mutum, ko na ruga, ko na ƙabila sukutum, ta ce su ne masu kai wa ɓarayi labari. Wanda anka ambata ba ya cikin gurup ɗin balle ya kare kansa. Wataƙila ma ba shi da waya. Irin wannan tana iya sa a kashe bawan Allah, kuma duk wanda ya tura yana da kaso a ciki.

Sau da yawa kunne kaɗai ya isa. Mai maganar ya ce ƙaramar hukuma ko ya ce meri? Ya ce jandarma? Da naira yake lissafi ko da jika? Ko da yake a kasuwanninmu ma ana cin naira, to kar a tsaya kan wannan kaɗai. In da hoto, Google Lens kan nuna wuraren da hoton ya taɓa fitowa, wani sa'in sai ka tarar na wata ƙasa ne, na shekarun baya. Forfen da za ka kashe wajen dubawa bai kai wanda kake kashewa a TikTok ba.

Wasu na zaton kamfanin yana tace abin da ke yawo. Ba ya tacewa. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga mai turawa zuwa mai karɓa, kamfanin kansa ba ya jin abin da ke ciki. Abin da ya iya yi shi ne rage gudu. Bayan jita-jitar satar yara ta jawo kashe mutane a Indiya a 2018, ya ƙayyade turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2019 ya shimfiɗa wannan ga duniya duka. A 2020, lokacin korona, ya ce saƙon da ya yawata da yawa wuri ɗaya kawai za a iya tura shi a lokaci guda. Shi ne mai kibiya biyu, wanda ke ɗauke da "Transféré de nombreuses fois". Abin haushi, akwai masu ɗaukar kibiya biyun nan kamar tambarin hukuma, wai tunda kowa ya tura ai gaskiya ne. Ma'anarta kawai saƙon ya bi hannu biyar ko fiye, wato ka yi nisa da wanda ya fara shi. Kuma gurup guda na ɗaukar mutum 1024. Gurup biyar cikakku, mutum sama da dubu biyar ke nan. Mai wannan yawan masu saurare ba fira yake yi ba, gidan rediyo ya buɗe.

Mun san abin da za a ce mana: ku ƴan rediyo kuna da nawa, kafin ku faɗa labari ya tsufa, wani ma ba ku faɗarsa. Nawar nan ta kiran waya ce. Sai mun kira maigari, mun kira tasha, mun kira likita, in ba su ɗauka ba mu sake. Kuma in munka faɗa, da sunanmu muke faɗa, kowa ya san ƙofar gidan rediyo, wanda anka ɓata wa suna yana iya zuwa ya nemi a gyara. Mai vokal fa, ina ƙofarsa?

Akwai kuma doka. Tun 2019 Nijar ke da dokar laifukan intanet. A 2022 an cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, a watan Yunin 2024 an maido da shi, kuma yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a na iya kai mutum kaso shekara biyu zuwa biyar. Ba murna muke yi da wannan ba, don ƴan jarida na cikin waɗanda irin wannan doka kan fara hawa kansu. Amma ku sani, wanda ya ƙago vokal da wuya a gano shi. Lambar da za a gani a gurup ita ce ta mai turawa.

Ku kuma admin-admin, ba a ba ku muƙamin nan don ku riƙa gaishe mu da Juma'a kawai ba. Kuna iya goge saƙon kowa a gurup, kuna iya rufe gurup a ranar da hankali ya tashi ya zama ku kaɗai ke turawa, kuna iya fitar da mai maimaita ƙarya ko da yayanku ne. Abin da muke nema ku kafa a matsayin ƙa'ida shi ne abin da kowane wakilinmu ke yi kafin ya ba da rahoto: duk mai vokal ta labari ya fara da sunansa, da garin da yake, da kwanan wata, ya kuma faɗa ko da idonsa ya gani ko ji ya yi. Wadda ta shigo ba tare da waɗannan ba, a tambayi wanda ya turo ta a gaban kowa. In bai amsa ba, a goge.