Daga Zangon Agege: Na Zaune Bai Ga Gari Ba



Ran Lahadin da ta wuce ina zaune a rumfar wani dattijo mai sayar da goro a nan Zangon Agege, muna taɗin duniya, sai ga jikansa ɗan shekara 9 ya sheƙo da littafin makaranta a hannu. Ya nuna masa wani hoto ya ce, "Kaka, wai da gaske ne teku ba shi da iyaka?" Tsohon ya yi dariya ya ce, "Kai tafi can, ja'iri! Ga Malam nan ka tambaye shi, ni ban taɓa ganinsa ba." Na ɗauka wasan jika da kaka ne, ashe gaskiya ya faɗa. Shekararsa 31 a Ikko, ya san Agege lungu lungu, ya san Mile 12 da Idi-Araba da tashar motar Kano, amma bai taɓa tsayawa a bakin tekun da duk duniya ta san garin da shi ba.

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin na san ba shi kaɗai ba ne. Da yawa daga cikinmu mun zo neman abinci, neman abincin kuwa ya cinye mu. Daga ɗaki sai rumfa, daga rumfa sai masallaci, in Salla ta zo a yi haramar gida. 'Ya'yan da muka haifa a nan kuwa sun tashi tsakanin kwata da hayaƙin mota, ba su san Arewa sosai ba, ba su kuma san ƙasar da aka haife su a cikinta ba.

Abin mamaki shi ne Agege ɗin nan da kanta ƙauyen gonaki ce a da. A farkon ƙarni na 20 gonakin koko da goro ne suka kewaye ta, har manoman suka kafa ƙungiyarsu a 1907, cikinsu akwai J.K. Coker mai babbar gona a Ifako. Hanyar jirgin ƙasa ta kai Ibadan a 1901, ta haɗe da Kano a 1912, goro ya sami hanyar zuwa Arewa, shi ne kuwa ya jawo kakanninmu suka yi zango a nan. Sunan Oko-Oba ma, inda mahauta da kasuwar shanu suke, ma'anarsa da Yarabanci gonar sarki. Yau duk gidaje sun cinye gonakin, mai son ganin duhuwar itatuwa sai ya yi tattaki.

A ƙasar Jamus ba haka suke ɗaukar wannan al'amari ba. Ƙaramin ƙauye ma yakan shata hanyoyin ƙafa cikin daji da gonaki, a kafa alamu a jikin itatuwa don kada baƙo ya ɓata, a ajiye benci inda mutum zai huta ya kalli kwari. Ran Lahadi magidanci ya fita da iyalinsa su yi ta tafiya, makarantu kuma suna da ranar da malamai kan fita da yara yawon daji. A yankin da suke kira Baƙin Daji, tun 1864 aka kafa ƙungiyar masu wannan yawo a birnin Freiburg, a 1900 kuma suka shata wata hanya daga Pforzheim zuwa Basel mai tsawon kimanin kilomita 285, 'yan sa kai ne ke kula da alamunta har yau. Ban kawo wannan don mu kwaikwayi Bature ba. Mu da kakanninmu suka taka daga Kano har Gwanja da jakuna, mu masu kilisa da farauta da hawan Dala da sun Argungu, ba wanda zai koya mana fita. Abin da za mu ɗauka a wurinsu shi ne tsari, watau a sa rana, a tanadi guzuri, a tafi da yara.

To, ina za a je? Ga wurare uku da mutumin Agege zai iya zuwa ya dawo a yini guda.

Na farko Dutsen Olumo a Abeokuta. Tun da aka buɗe sabuwar hanyar jirgin ƙasa ta Ikko zuwa Ibadan a 2021, mutum na iya shiga jirgi a tashar Agege ya sauka Abeokuta cikin ƙasa da awa biyu. A gindin wannan dutse Egbawa suka fake wajen 1830, lokacin yaƙe-yaƙen ƙasar Yarabawa, sunan garin ma ma'anarsa ƙarƙashin dutse. Ana nuna wa baƙi kogunan da mutane suka ɓuya da ramukan da mata suka yi niƙa a cikinsu. Wanda ya daure ya kai ƙololuwa, mita 137 sama da teku, zai hangi garin duka da Kogin Ogun yana ratsa shi. Akwai wurin bautar masu gargajiya a jikin dutsen, mai kallo sai ya wuce abinsa cikin mutunci. In an sauko a leƙa kasuwar Itoku, inda matan garin ke sayar da rinannen zane da suke kira adire. Bakano zai tuna da marinar Ƙofar Mata.

Na biyu Badagry, can yamma wajen iyakar Jamhuriyar Benin. Nan kam ba wurin dariya ba ne, wurin tunani ne. Akwai gidan bene da 'yan mishan suka gama ginawa a 1845, akwai kuma kurkukun bayi na Seriki Williams Abass mai ɗakuna 40, inda har yanzu ake nuna sarƙoƙi da mari. Daga nan a shiga kwalekwale a ƙetare zuwa tsibirin Gberefu, a taka yashi har bakin teku, inda ake loda bayi a jirage ba su ƙara ganin gida. Kada wani ya ce wannan tarihin wasu ne. Cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa akwai Hausawa masu yawa, an kai su Bahia ta ƙasar Barazil, inda suka shirya tawaye a 1807, wasunsu kuma suka shiga babban tawayen bayi Musulmi na 1835. Haka kuma daga Badagry ne Baturen nan Clapperton ya kama hanya a ƙarshen 1825 zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya mutu a Sakkwato a 1827. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai manta ba, gani ya kori ji.

Na uku gandun dajin Lekki, wanda wata ƙungiyar kare dabbobi da itatuwa ta Nijeriya ta kafa a 1990. Hekta 78 ne na fadama da kurmi da aka hana gatari shiga, alhali gine-gine sun kewaye shi ta kowane gefe. An shimfiɗa hanyar katako a kan fadamar, ga birai suna tsalle a bisa kai, ga tsuntsaye iri iri. Akwai kuma gadar igiya mai tsawon mita 401 da aka rataya a saman itatuwa, mai jin jiri ya haƙura da ita. Daga can bakin teku ba nisa.

Na san abin da wasu za su ce. Wani ya ce ba kuɗi, wani ya ce in ya rufe rumfa yini guda ya yi hasara, wani kuma ya ce bakin teku wurin shashanci ne. Duk da gaskiyarsu. Kusan ko'ina ana biyan kuɗin ƙofa, kuma Bar Beach da talaka kan je kyauta a da an cike ta da yashi an gina unguwar Eko Atlantic a kanta. Amma wanda ya iya zubin adashi don kayan Salla zai iya ware na mota sau ɗaya a shekara. Zancen shashanci kuwa, wanda ya yi sammako ya tafi da iyalinsa ya dawo kafin la'asar, ba abin da zai gani sai ruwa da masunta da ikon Allah.

Sai dai a kiyaye. Tekun Ikko yana da ja, ya ci gwanayen iyo balle ɗan tudu, saboda haka kallo ya isa, a riƙe hannun yara. Kada a shiga kwalekwale ba rigar ruwa, kada kuma a yarda a yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. A guji watan Yuni da Yuli saboda ruwan sama, an fi jin daɗin fita daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A fita da asuba don cunkoson motoci, a ɗauki ruwan sha da buta da tabarmar salla, a kuma kwashe shara kafin a taso, don kada a ce Hausawa sun zo sun ɓata wuri.

Kirana ga malaman makarantun Islamiyya na Agege da shugabannin 'yan goro da na 'yan shanu shi ne su ɗauki wannan nauyi. Mota guda, malamai biyu, iyaye uku ko huɗu, sun isa su kai aji guda Badagry su dawo. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, ba su ce sai tafiyar fatauci kaɗai ba.

Dattijon nan kuwa mun yi alkawari da shi, bayan Salla in Allah ya yarda zai bar wa ɗansa rumfa yini guda, mu ɗauki jikan mu tafi. Ya ce shi dai ba zai shiga kwalekwale ba ko da kuɗi. Na ce to, Alhaji, mu dai je tukuna.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya, amin.