Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sufeto Janar Na 'Yan Sandan Najeriya Kan Satar Motoci



Ƙararrawar mota ba ta da wani aiki sai kuwwa idan an taɓa ƙofa ko an girgiza motar. Ba ta hana inji tashi, kuma jama'a sun saba da kukanta har ba mai waiwayawa, tunda tsawa ko wucewar tirela ma kan tayar da ita. Gwanin ɓarawo kan tsinke wayarta ko ya cire kan batir. Wani kuma yakan laɓe da na'urar toshe sigina: mai mota ya danna rimot ya shige masallacin Juma'a ko wurin ɗaurin aure, alhali ƙofa ba ta kullu ba.

Abin da ya fi ƙararrawa amfani shi ne na'urar da ke hana inji tashi sai ta gane ainihin makullinsa. Ƙasashen Tarayyar Turai sun wajabta ta a sababbin motoci tun 1998. Amurka ba ta wajabta ba, shi ya sa daga 2021 matasa suka riƙa kwashe wasu motocin Kia da Hyundai marasa ita, suna koya wa juna a TikTok. Wannan ya shafi Najeriya, domin tokumbo da yawa daga Amurka suke zuwa.

Motocin zamani masu tashi da maɓalli ma ba su tsira ba. Ɓarayi biyu kan yi aiki tare, ɗaya a bakin gida yana janyo siginar makullin da ke rataye a ciki, ɗaya a jikin mota, sai motar ta ɗauka mai ita ne ya zo. Wasu kan haɗa sabon makulli ta kafar da bakanike ke jona kwamfuta. A 2022 an sace wata Toyota RAV4 a Landan ta wayoyin fitilar gaba.

Ya kamata rundunar 'yan sanda ta riƙa faɗa wa masu motoci, ta rediyo kuma da harsunansu, cewa kariya mai arha tana aiki: sandar kulle sitiyari, ɓoyayyen makunnin da ke yanke fetur, na'urar bin sawun mota (tiraka), jan hannun ƙofa bayan an danna rimot, da ajiye makulli cikin gwangwanin ƙarfe da dare. Ɓarawo yana tsoron ɓata lokaci. Wanda aka tare da bindiga kuwa, ya miƙa makulli.

Sai dai babban nauyin na hukuma ne, domin mai saye shi ke raya satar. Motar da aka ɗauke ko dai a sake mata fenti da takardu, ko a wargaza ta a sayar a kasuwar kayan gyara, ko a tsallaka iyaka da ita. Kowace mota tana da lambar shasi, galibi mai haruffa da alƙaluma 17. Rundunar ta mayar da rajistarta ta motocin jama'a kan intanet a Disamba 2022, amma a Yuli 2024 aka dakatar da tilasta ta bayan ƙorafin jama'a kan kuɗi. Ƙorafin yana da hujja, amma buƙatar rajistar tana nan. Abin da ake nema shi ne mai sayen mota ya iya tura lambar shasi ta waya, kyauta, ya ji ko ta sata ce kafin ya biya dillali.

Hakan ba zai yiwu ba sai an haɗa bayanan 'yan sanda da na Kwastam da na Hukumar Kiyaye Haɗurra, tare da kundin Interpol na motocin sata, har jami'in da ke Jibiya ko Illela ko Maigatari ya ga rahoton a ranar da aka kai shi. Satar na shigowa daga waje ma: a 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can. Masu wargaza motoci su ma a wajabta musu rubuta lambar shasi da sunan wanda ya kawo, kuma wanda aka yi wa sata ya kai ƙara caji ofis ba tare da an nemi ko sisi a hannunsa ba.

Wassalam.