Mu Ma Mun San Toka



Azumin kwana arba'in ya sake zagayowa. 'Yan'uwanmu Katolika da Angilikan sun karɓi toka a goshi ranar Larabar Toka, waɗansunmu kuwa na ECWA da Baptis ba su saba da wannan al'ada ba. Ba laifi. Amma a nan Dutse babu ikilisiyar da ba ta san toka ba. A watan Satumba na 2006 an ƙone majami'u da dama a garin nan, har da babbar majami'ar Angilikan ta St. Peter's, saboda zargin saɓo. Dattawanmu sun tsaya cikin toka suna tsintar kwanon rufi da ƙonannun littattafan waƙa.

Abin da ke damunmu shi ne yadda azumi yake neman zama ciniki a wurinmu. Mutum ya bar abinci kwana bakwai, sai ya miƙa wa Allah lissafi: ga takardar filin majami'a da ta maƙale shekara da shekaru, ga yaro ya gama makaranta ba aiki, ga buhun masara ya fi ƙarfin albashi. In amsa ta yi jinkiri, sai a daina ganinsa a addu'ar Laraba. Mu fastoci ma da hannunmu a ciki, don mun sha yi wa jama'a alkawarin abin da Allah bai ce ba, domin a ji daɗin wa'azi.

Ku tuna da Shadrak, Meshak da Abednego a sura ta 3 ta littafin Daniyel. Sun tabbatar wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderu, suka kuma ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Wannan kashi na biyu ne muke tsallakewa. Ubangijinmu kansa, da yunwar kwana arba'in a cikinsa, ya ƙi mai da dutse gurasa.

Gwaji kuma ba namu kaɗai ba ne. Da tankar mai ta kama wuta a Majiya a Oktoban 2024, mutane fiye da ɗari suka mutu, maƙwabtanmu ne. Wanda yake azumi yana riƙe da ƙiyayyar 2006 a zuciya, yunwa kawai yake sha.

Don haka muna roƙon dattawa da Zumuntar Mata su ajiye mudu a ƙofar kowace majami'a har zuwa Ista. Hatsin da ba a dafa ba saboda azumi a zuba a ciki, a kai wa gwauraye da marayun unguwa, ba tare da an tambayi inda suke sujada ba.