Mazan jiya: girmamawar da ta iso bayan jana'iza

Sai a watan Nuwamban 2024 shugaban Faransa, Emmanuel Macron, ya amince cewa abin da ya faru a barikin Thiaroye na Senegal, ranar 1 ga Disamban 1944, kisan gilla ne. Sojojin Afirka ne da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu. Sun nemi bashin albashinsu, aka buɗe musu wuta. Sunan Senegal ne ya bi rundunar, amma daga ko'ina aka ɗebo ta, har da Nijar.

Jinkirin nan ba sabon abu ba ne. Dokar Disamban 1959 ta tsayar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da suka samu 'yanci wuri guda, na takwarorinsu Faransawa kuwa ya ci gaba da hawa. Sai 2011 aka daidaita su, bayan shekara hamsin, lokacin da akasarin masu haƙƙin suna ƙarƙashin ƙasa. Furanni a kabari ba su da tsada. Kuɗin da aka riƙe ne ba a mayar wa iyalai ba.

Ko adadin mamatan Thiaroye har yau ana jayayya: rahoton sojan Faransa ya ce 35, masana tarihi suna cewa ɗaruruwa.