Man Sitiyarin Tsohuwar Mota: Kama da Wane Ba Ta Wane

Tun ran 29 ga watan Mayu na 2023, sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, sa'an nan a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, sha'anin mota ya sake kama ga mai cin albashi. Dalar da Gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 sai ga ta ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Da yake yawancin motocin da muke hawa kwance ne, waɗanda aka mora a Amurka ko Turai kafin su iso mu, kuma da kuɗin waje ake sayo su duk da kayan gyaransu, malamin makaranta ko akawun ƙaramar hukuma da ya yi niyyar sake mota tilas ya haƙura. Wadda ke hannunsa, ko da ta shekara ashirin, ita zai ci gaba da lallaɓawa.

To, a wajen lallaɓawar nan akwai wani abu ƙarami da jama'a ke rainawa, watau man sitiyari. Kowa ya san a juye baƙin mai a kan kari, amma in sitiyari ya fara kuka, sai a tsaya bakin hanya a ce wa yaro, "Zuba mini jan mai." Ba a tambayi irinsa ba, ba a kuwa san abin da ke ciki tun da fari ba.

Ya kamata mu fara sanin aikin man. Kamfanin Chrysler na Amurka shi ya fara sayar wa jama'a mota mai irin wannan sitiyari a 1951. Akwai wani famfo wanda inji ke juyawa da bel, shi ke tura mai ta cikin tiyo zuwa ƙarfen da ke karkata tayoyin gaba, ya taimaki hannun direba. Ƙarfin turawar nan ya ninka na iskar taya sau talatin ko fiye. Man nan shi ke ɗaukar ƙarfin, shi ke hana famfo cin kansa, shi ke kuma kwashe zafi. Bayan wannan lalle ne ya jitu da robobin da ke tare shi kada ya tsiyaye. Kowane kamfani ya ƙera famfonsa da robobinsa bisa ga wani mai da ya zaɓa, sabo da haka ne mai ɗaya ba ya yi wa dukan motoci.

Motocin da suka fi yawa a hannunmu sun kasu kashi uku a wannan fanni. Na farko su ne tsofaffin Toyota, kamar su Camry da Corolla na shekarun 1990 da farkon 2000. Su man giya mai canza kanta suke sha, wanda ake rubuta wa ATF, na ajin Dexron II ko III, shi ne jan man da kowa ya sani. Na biyu Honda, wadda ke da nata man na musamman, fari-fari mai ɗan rawaya, kuma littafin motar ya ce shi za a riƙa zubawa. Na uku su ne motocin Jamus da dama, kamar Volkswagen da Audi da waɗansu BMW, masu shan wani kore mai tsinkakken jiki, irin wanda ake rubuta wa CHF 11S. Volkswagen ta sa wa nata lamba G 002 000, daga baya ta maye shi da G 004 000. Ko a cikin korayen ma akwai bambanci, gama tsohon nan CHF 7.1 ba a gauraya shi da CHF 11S.

Akwai kuma abin lura game da jan man kansa. Kamfanin General Motors, mai sunan Dexron, ya fito da Dexron VI a 2005, ya kuma daina ba da lasisin Dexron III a ƙarshen 2006. Ma'ana, kwalbar da ka gani yau an rubuta mata Dexron III, shaidar wanda ya yi man ce kaɗai a kanta. Wannan ya sa sayen na kamfanin da aka sani, a kwalba mai hatimi, ya fi sayen na awo wanda aka ɗura a tsohuwar gora, kome araharsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaɓen mai da ido. Launi rini ne kawai da aka sa domin a gane mai in ya zuba a ƙasa, ba shi ke nuna abin da aka haɗa shi da shi ba. Mai in ya tsufa kuwa, ja ne ko kore, duk baƙi-baƙi yake komawa. Wanda ya sayi motar da ta bi hannu uku ko huɗu ba shi da hanyar sanin abin da na gabansa suka zuba. Kama da wane ba ta wane.

Game da gaurayawa, ga yadda abin yake. In ajin man ɗaya ne, kamfani ne kurum ya bambanta, babu laifi a haɗa. In aji ya bambanta, motar ba za ta tsaya nan take ba, kuma wannan shi ke ruɗin mutane. A hankali kaurin man yake sakewa, ya yi kumfa, famfo ya riƙa kuka, robobi su kumbura ko su bushe. Bayan watanni sai yoyo ya ɓullo, mai mota ya ɗora laifin a kan tsufa, ya manta da ranar da ya tsaya bakin hanya. Kuɗin famfo da na ƙarfen sitiyari kuwa ya ninka na kwalbar mai sau da yawa. Hatsarin bai tsaya ga aljihu ba. In mai ya ƙare ana cikin tafiya, sitiyari yakan yi tauri farat ɗaya, tun ba a kwana ba, kuma man da ya tsiyaye a kan salansa mai zafi yana iya kama wuta.

Amma larura tana da nata hukunci. Wanda mai ya ƙare masa a daji, tsakanin wannan gari da wancan, gara ya ƙara man sitiyarin da ya samu da ya bar famfo ya yi ta juyawa a bushe, gama hakan na kashe shi da sauri. Littafin Honda ma ya yarda da wannan, da sharaɗin a wanke a sake zuba na ainihi da zarar an sami hali. Abin da babu larurar da ta halatta shi shi ne man burki. Irinsa dabam ne ɗungum, yana lalata robobin sitiyari. Juyin wannan kuskure ya fi muni, domin man sitiyari in ya shiga tankin burki yakan kumbura robobinsa, burki ya ƙi ci. Baƙin mai shi ma ba a yi shi domin wannan aiki ba.

Sabo da haka, wanda ya sayi tsohuwar mota, ya fara da karanta murfin ɗan tankin man, gama sau da yawa an rubuta irin man a kansa. In babu, ya duba littafin motar, ko ya nemi kwafensa a intanet da sunanta da shekararta. Sa'an nan ya sa makaniki ya juye tsohon man duka, kada a tsaya ga ƙari. Yawancin ƙananan motoci wajen lita ɗaya suke ci, amma a sayi biyu domin wanki. Bayan an zuba, a ɗaga gaban motar da jak, a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da dama inji na kashe, har iska ta fita. Kada a saba danne sitiyari a ƙarshensa, domin yana ƙona mai. In man na raguwa a kai a kai, akwai yoyo, a neme shi a gyara. Maganin toshe yoyo na kwalba jinkiri ne kawai. A sani kuma, Corolla ta Amurka daga 2009, da Camry daga 2012, sitiyarinsu na lantarki ne, ba su shan mai sam.

Hukumar kula da ingancin kayayyaki, watau SON, ita ke da alhakin sa ido kan mayukan da ake sayarwa, kuma ya dace kwalejojin koyon sana'a su koya wa yara wannan bambanci. Amma kafin nan, nauyin yana kan masu motar. Makaniki da yawa gwanaye ne a hannu, sai dai ba su sami zarafin karatu ba. Ku da kuka samu, ku karanta murfin, ku gaya masa abin da aka rubuta cikin mutunci, ku saya da kanku, ku tsaya a zuba a gabanku. In kunne ya ji, jiki ya tsira.