A Daina Barin Kyamarar Masana'anta Tana Gyara Launi da Kanta

Injiniyoyi da dama sun yarda cewa kyamarar zamani ta fi mutum sanin launi, shi ya sa suke barin ta tana daidaita fari da kanta. Wayar hannu ce ta koya musu wannan ɗabi'a. A hoton biki ba laifi. A masana'anta kuwa, ɓarna ce tsagwaronta.

Kyamara ba ta ganin launi yadda ido ke gani. Galibin masu launi suna ɗauke da matatar da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya samu haƙƙin mallakarta a 1976: cikin kowane ɗigo huɗu, biyu kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Daidaita fari shi ne a ƙara ko a rage ƙarfin ja da shuɗi har abin da yake fari ya fito fari. Dole a yi hakan, domin hasken tsohon kwan lantarki, mai kimanin kelbin 2700, ya karkata ga ja, hasken rana da ake awo da shi kuwa kimanin 6500 ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda kyamarar ke yin wannan gyara idan an sakar mata. Da yawa daga cikinsu suna ɗauka cewa in aka haɗa duk launukan da ke cikin hoto, toka-toka za a samu. To, a ɗora tumatir nunanne a kan bel ɗin tantancewa. Ja ya cika hoton, kyamara ta ce ja ya yi yawa, ta rage shi. Nan take nunannen tumatir ya koma kamar ɗanye, na'ura ta ware shi gefe. Kwandon gaba ya zo da ɗanye da yawa, ma'auni ya sake juyawa. Wane mai sayen hatsi ne zai yarda da mudun da ke canja girma tsakanin awo da awo?

Masu kare wannan ɗabi'a suna cewa haske na canjawa, dole kyamara ta bi shi. Haske za a gyara. A rufe wurin ɗaukar hoton, a hana hasken taga shiga, a sa fitila guda tsayayya. Ƙa'idar GenICam, wadda yawancin kyamarorin masana'anta ke bi, ta tanadi zaɓi uku: a kashe, a daidaita sau ɗaya, ko a ci gaba da daidaitawa. A ajiye katin toka na gwaji a ƙarƙashin fitilar aikin, a daidaita sau ɗaya, a rubuta lambobin, a kulle. Kada a yi da takardar ofis; ana saka mata sinadarin ƙara haske da ke karkatar da ita ga shuɗi.

Fitilun LED suna tsufa, launinsu yana sauyawa a hankali, don haka a ware lokacin sake gwaji. Manajan da ya bar kyamararsa tana gyara launi da kanta ya daina zargin ma'aikata idan kaya masu kyau suka ƙare a shara.