Digirin Fasahar Noma: Da Wane Mudu Ake Auna Abin da Ɗalibi Ya Koya?

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja da ake kira CCMAS, wadda ta maye gurbin tsohon ma'aunin da aka yi aiki da shi tun 2007. Manhajar ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Haka kuma a gaban kowane darasi an jera abubuwan da ake sa ran ɗalibi zai iya yi idan ya kammala. Wannan ci gaba ne. Sai dai rubuta abin da ake so ɗalibi ya iya abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen tabbatar da cewa ya iya ɗin, kuma a ganina babu fannin da wannan matsala ta fi fitowa fili kamar digirin noma da fasahar noma.

Ba mu rasa cibiyoyi ba. Tashar binciken noma ta Samaru ta fara aiki tun 1922, kafin ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. An kafa jami'o'in noma na Makurɗi da Abekuta a 1988, ta Umudike a 1992, ga kuma ta Zuru a 2020. Jami'o'in fasaha irin su ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi da ta Minna suna da tsangayoyin noma da fasahar noma. Digirin yakan ɗauki shekara 5, kuma a bisa al'ada ana keɓe shekara ta huɗu don aikin gona da sanin makamar aiki. A takarda dai tsarin ba shi da makusa.

To amma mu dubi yadda ake ba da maki. A mafi yawan darussa, jarrabawar ƙarshen zango ce ke ɗauke da kashi 60 zuwa 70, sauran kuma gwaji ne na aji, wanda shi ma galibi a rubuce yake. Daga waɗannan ake tara jimillar da ke raba mai daraja ta ɗaya, wato 4.50 zuwa sama, da sauran. Irin wannan jarrabawa tana auna hadda da iya tsara amsa cikin Ingilishi, kuma dukansu suna da amfani. Amma ba za ta gaya mana ko ɗalibi zai iya daidaita injin feshi na goyo ba, ko zai shiga gonar masara ya bambance ɓarnar tsutsar da ta shigo ƙasar nan a 2016 da ta tsutsar kara da aka sani tuntuni. Aikin gonar ma sau da yawa da littafin rahoto da rajistar halarta ake auna shi, kuma kowane malami ya san ana iya cike littafi ba tare da an taɓa fartanya ba.

Matsala ta biyu ita ce ta kalanda. Damina ba ta jiran majalisar dattawan jami'a. A yawancin Arewa daga Mayu ko Yuni zuwa Satumba ko Oktoba ake ruwa. Yajin aikin malamai na 2020 ya ci wata 9, na 2022 kuma ya faro ranar 14 ga Fabrairu ya ƙare 14 ga Oktoba, wato ya haɗiye daminar shekarar ɗungurungum. Ɗalibin lissafi zai iya rama zangon da ya rasa a kowane wata. Ɗalibin noma kuwa, idan shekararsa ta gona ta faɗo cikin rani a makarantar da ba ta da kayan ban ruwa, sai dai a ba shi maki a kan shukar da bai gani ba.

Ta uku ta shafi fannina, wato harshe. Shawarar da aka saba ba manomin masara a yankinmu ita ce kilo 120 na sinadarin naitirojin a hekta guda, da kilo 60 na kowanne daga sauran sinadarai biyu. Ɗalibi nagari zai lissafa cewa buhu 8 na takin NPK 15-15-15 zai ba da rabin naitirojin ɗin, ragowar kuma sai an ƙara kimanin kilo 130 na yuriya. Zai kuma san cewa tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da 25 tsakanin shuka da shuka, tana ba da tsiro wajen 53,000 a hekta, wato kowane gindi zai sami giram 7.5 na takin farko. Madalla. Amma manomin Giwa ko Dambatta da mudu da tiya da murfin kwalba yake awo, da taki da tsawon kamu yake auna fili. Wanda bai iya mayar da giram zuwa murfin kwalba ba, ya kuma yi bayani da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci har manomi ya gamsu, iliminsa ya tsaya a ƙofar jami'a. Mafi yawan masu wannan digiri da manoma za su yi hulɗa, ko a matsayin malaman gona ko dillalan iri da magani, amma da wuya a ga an zaunar da ɗalibi gaban manomi an ba shi maki a kan bayanin da ya yi.

Akwai inda aka gwada wata hanya. Shirin Sasakawa na horar da malaman gona, wanda ya faro a Jami'ar Cape Coast ta Gana a 1993 kafin ya iso Zariya da Kano, yana mayar da ɗalibi cikin manoma na tsawon watanni, ya gano wata matsala tasu, ya gwada maganinta tare da su, malamai kuma su bi shi can su duba. A Jami'ar EARTH ta ƙasar Kosta Rika ana ba rukunin ɗalibai rance su kafa sana'ar noma, su riƙe lissafinta har ƙarshe. A duka biyun aikin da aka gani da ido ne ke ba da shaida.

Na san za a ce kuɗi. Gaskiya ne jarrabawar aiki ta fi ta takarda tsada, kuma malami ɗaya ba zai iya tsayawa kan ɗalibai ɗari biyu ɗaya bayan ɗaya ba. Za a kuma ce makin aiki yana buɗe ƙofar son rai, domin babu takardar da za a sake dubawa. Wannan ƙorafi ne mai tushe. Maganinsa shi ne a rubuta ma'auni dalla-dalla tun kafin gwaji, masu ba da maki su zama biyu, ɗaya daga waje, a kuma ɗauki aikin a bidiyo da waya don a ajiye. Haka nan bai kamata a auna ɗalibi da yawan amfanin gona kaɗai ba, tunda fari ko ambaliya ba laifinsa ba ne. Abin dubawa shi ne shawarar da ya yanke, da dalilinsa, da lissafin da ya ajiye.

Saboda haka ina ba da shawara huɗu. Kowace tsangaya ta fitar da jerin ayyukan da ba za a yaye ɗalibi ba sai ya yi su a gaban masu jarrabawa: ɗibar ƙasa don gwaji, gwajin tsirar iri, daidaita injin feshi, adana wake a buhu mai ninki uku, da lissafin riba da faɗuwa. A ɗaure shekarar gona da damina, ko da sauran zanguna sun goce. A yi amfani da kashi 30 ɗin nan a shigar da darasin isar da saƙo ga manomi da harshensa, gwajinsa kuma ya kasance na baka, a ƙauye. Daga ƙarshe, idan NUC ta zo tantancewa, bayan ƙirga malamai da littattafai da taraktoci, ta tsamo ɗaliban ajin ƙarshe da ƙuri'a ta kai su gona, ta kuma nemi jami'a ta nuna inda waɗanda ta yaye shekara 3 da suka wuce suke aiki.

Iyayen da suka sayar da hatsi suka biya kuɗin makaranta shekara 5 suna da haƙƙin sanin abin da takardar ɗansu take shaida. Haka ma manomin da zai zuba jarinsa na shekara bisa shawarar wannan yaro. Mu malamai ne ke sa hannu a kan sakamakon, don haka amanar a wuyanmu take. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya sa mu dace.